Bahasin riyal 15

Gara in faɗa da bakina kafin wanda ya san ni ya tona: na yi kusan shekara huɗu ina sayar wa ƴan makaranta bincike a wani shago a nan Makka. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san irin shagunan. Ana rubuta "khadamatuɗ ɗalib" a saman ƙofarsu, wato hidimar ɗalibi. Daga gaba biro ne da littattafan rubutu da kwalaye masu launi, daga ciki kuma kwamfuta biyu da firinta da injin kwafi wanda ba ya hutawa. Ni ne mai zama gaban kwamfuta ɗaya tun bayan la'asar har wajen sha ɗayan dare, sai dai in an kira salla mu ja ƙofa.

Yaro zai shigo da ƴar takarda a dunƙule a tafin hannu, gumi ya jiƙa ta. Ustaz ya ce a kawo bahas, wato bincike, a kan gurɓacewar iska, ko a kan Sayyidina Umar, ko a kan amfanin dabino. Tambayoyina sanannu ne: shafi nawa, da bango ko babu bango, sunanka da ajinku, sunan ustaz. Mai bango mai launi riyal 15, marar bango riyal 10. Kafin ya gama zaɓen cingam a kan kanta na miƙa masa aikinsa da ɗuminsa. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya karanta ko layin farko ba. Abu ɗaya suke dubawa, ko an rubuta sunansu daidai.

Muna da rumbu a cikin kwamfutar, kowane maudu'i da gurbinsa. Na dabinon nan, Allah kaɗai ya san yara nawa suka "rubuta" shi. Akwai daren da yara bakwai ƴan aji ɗaya suka shigo a jere, dukansu a kan yadda abinci ke narkewa a cikin mutum. Na sauya wa kowa hoton bango da launin rubutu, cikin kuwa ko wasali ban taɓa ba. Na kwana da fargabar gobe wani uba zai zo ya ɗaga mana murya. Shiru kake ji. Bayan kwana uku ɗaya daga cikinsu ya dawo sayen rula, na tambaye shi yaya aka ƙare, ya ce duk sun sami cikakken maki. Ranar na gane ba yaran kaɗai ne ba sa karanta takardun ba.

Larabci kalma ɗaya yake da ita ga wurare biyu. Ɗakin da ake jera littattafai don a zauna a karanta maktaba ne, shagon da ake sayar da littafi da biro shi ma maktaba ne. Saboda haka in yaro ya ce wa uwarsa ya je maktaba ya yi bahas, bai yi ƙarya ba, ita ma hankalinta ya kwanta. Mu kuwa da muka ari kalmar tun kaka da kakanni muka mai da ita bahasi, nauyinta daban ne a bakinmu. In alƙali ya nemi bahasi, ko mai unguwa ya ce zo ka ba da bahasin abin da ya faru, ai ba takarda mai ado za ka miƙa ka juya ba. Tsayuwa za ka yi a yi maka tambaya. Me ka gani da idonka? Wanda ba ka gani ba, wa ya gaya maka? A ina, yaushe? In ka yi tuntuɓe a sake maimaita maka tambayar. Wannan ma'anar tamu ta fi kusa da abin da ya kamata makaranta ta nema a wurin yaro fiye da abin da na yi shekara huɗu ina sayarwa.

Na bar shagon da daɗewa, yanzu tafinta nake yi wa alhazai da masu umara. Na ɗauka na rabu da zancen. Sai ga shi bara ɗana da ke aji biyu a mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, ya tsaya mini a ƙofar ɗaki bayan magariba.

"Baba, ba ni riyal 20, zan je maktaba."

"Me za ka sayo?"

"Bahas. Gobe ne ƙarshe."

"A kan me?"

Sai da ya zaro waya ya duba saƙon ƴan ajinsu kafin ya iya gaya mini: girgizar ƙasa. Uwarsa tana gefe tana yankan kuɓewa, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, alhaki kwikwiyo ne." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba.

Na hana shi kuɗin. Ya kumbura, na ce kumburi ba ya kashe mutum, ɗauko biro. Muka zauna a kan tabarma har bayan sha biyu. Na san abin da shago zai ba shi da ya je, don ni na san rumbun: ma'anar girgizar ƙasa a lugga da isɗilahi, sai hoton rusasshen gini daga Japan, sai "a ƙarshe ina fatan na dace." Na tambaye shi, shin ƙasa tana girgiza a nan inda muke? Ya ce a'a, wannan ai sai ƙasashen waje. Na ce to mu duba. Da wayata da tasa muka gano cewa Bahar Maliya da yake gani in mun je Jidda tsaga ce, ƙasar Larabawa tana janyewa daga Afirka a hankali, abin da bai kai santimita biyu ba a shekara. Na ba shi labarin watan Mayun 2009, ina nan ƙasar lokacin, da aka kwashe dubban mutane daga garin Al-Is da ke arewa maso yammacin Madina saboda girgizar da ta yi ta maimaituwa. Sannan na buɗe masa tarihin Ibn Kasir a cikin Shamila, manhajar nan ta littattafan Larabci, shekara ta 654 bayan hijira, wadda ta zo daidai da 1256, inda aka ba da labarin yadda ƙasa ta yi ta girgiza a Madina kafin wuta ta ɓullo daga gabas da garin, duwatsu suna narkewa suna gudu kamar kogi. A nan kumburin ya sace. Ya karanta wurin sau biyu da ƙarfi, ya je ya taso yayarsa daga barci wai ta zo ta ji.

Shafi ɗaya da rabi ya rubuta, da hannunsa, da kurakuransa. Da aka dawo da takardun, an rage masa maki. An rubuta a sama da jan biro: ina bango, kuma me ya sa ba a buga ba?

To ga ra'ayina, kuma ban ga abin da zai sa in sassauta shi ba. Makarantar da ba ta buɗe wa yaro ɗakin karatunta ba, ba ta zaunar da mutum a ciki wanda zai nuna masa yadda ake nema ba, ba ta da hurumin ce masa ya kawo bincike. In ta ce, haraji ta ɗora wa iyaye da wani suna, kuma ta koya wa yaro tun yana ɗan shekara goma cewa ilimi kaya ne da ake saya a kanti a miƙa wa na gaba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗakin yana nan. Tun ƙarshen shekarun 1990 ma'aikatar ilimi ta fara mai da laburaren makarantu abin da ta kira markaz masadirit ta'allum, cibiyar kayan koyo, aka zuba kwamfuta da majigi a kan littattafan, aka kuma ware wanda zai kula da wurin, shi ne ake ce wa aminul masadir. Na makarantar ɗana na gan shi da idona ranar majalisar iyaye, domin a ciki aka zaunar da mu. Yana hawa na biyu, can ƙarshen baranda. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta hura sanyi, tebura zagayayyu, kujeru sababbi. A jikin bango akwai kabad-kabad masu ƙofar gilashi, littattafai a jere kowanne da lambarsa a gadon baya. Ana zuba mana gahawa ana miƙa dabino, ni kuwa idona na kan gilashin. A sahu na 500, inda ake ajiye kimiyya, na hango littafi a kan duwatsu da girgizar ƙasa. Na miƙa hannu na ja ƙofar, a kulle. Wasu manyan mujalladai ko ledarsu ba a cire ba.

Na tambayi wanda ke riƙe da mabuɗin. Mutumin kirki ne, ya amsa mini cikin mutunci. Shi ne amin, amma shi ne kuma malamin Larabci na wasu azuzuwa, shi ke tsaron yara lokacin fus-ha, wato tara, kuma duk ranar da wani malami bai zo ba shi ake tura wa ajin su zauna a ɗakin ya kunna musu majigi har a buga ƙararrawa. Ya ce ya taɓa barin gilashin a buɗe, littattafai suka yi ƙafa, da aka zo ƙidaya shi aka tuhuma. Tun daga nan ya kulle. Ban ga laifinsa sosai ba. Mutumin da za a tambaye shi littafi nawa ya ɓata, ba za a taɓa tambayarsa yaro nawa ya karanta ba, ai ya san inda zai sa mabuɗi.

Malaman aji ma ba zan ɗora musu duka ba. Wanda ke da darasi 24 a mako, kowane aji yara sun haura talatin, ga shigar da maki a tsarin Nur na intanet, ga manhajar karatu ta Madrasati da aka shigo da ita a 2020 lokacin korona ta zauna daram, yaushe zai karanta bahas ɗari da hamsin? An ce masa cikin makin shekara dole a sami kason ayyuka da bincike, sai ya ba da maudu'i ranar Lahadi ya karɓa ranar Alhamis, ya duba kauri da ado ya sa maki. Ma'aikata ta sha gargaɗin kada a ɗora wa ɗalibai abin da zai sa iyaye kashe kuɗi a shaguna. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin za a ce wa yaro kawo abin da ba a koya masa yi ba, a kuma kulle wurin da zai koya, mai shago ba zai rasa ciniki ba ko da takardar gargaɗi ɗari aka rubuta.

Akwai darasi sukutum a sanawi, wato babbar sakandare, mai suna bincike da hanyoyin samun bayanai, kuma tsarin masarat na raba ɗalibai fanni-fanni da aka fara a 2021 ya zo da aikin kammala karatu a ajin ƙarshe. Madalla. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya fara sayen bahas tun yana aji huɗu a ibtida'i, wato firamare, kafin ya kai wancan darasin ya shekara bakwai ko takwas yana yi, ya riga ya san hanya mafi sauƙi, har ya san shagon da ya fi araha.

Wani abokina direba da muke shan shayi tare a Shara Mansur ya ce mini duk wannan surutu ne na tsofaffi. Wai laburare ya mutu, komai yana cikin waya, kuma yanzu ma yara sun daina zuwa shago, manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira ke rubuta musu a kyauta. Gaskiyarsa a nan, cinikin tsofaffin abokan aikina ya ja baya. Amma an gudu ne ba a tsira ba. Da can ko ba komai yaro yana taka ƙafa ya je shago, ya furta sunan maudu'in da bakinsa. Yanzu hoton allo zai ɗauka ya tura, amsa ta fito, ya tura wa malami, ƙila malamin ma wata manhajar ce za ta duba masa. Na gwada ɗaya daga cikinsu da kaina, na ce ta ba ni littattafan da suka yi magana a kan zaman Hausawa a Makka. Ta jero mini sunaye masu daɗin ji, da marubuta da shekarun bugu, cikin Larabci mai tsafta. Biyu daga ciki na neme su sama da ƙasa, na tambayi masu sayar da littattafai a Aziziyya, babu wanda ya taɓa jin su. Ni na gane saboda na nema. Yaro ɗan shekara goma sha uku da me zai gane?

Shi ya sa nake ganin yau aka fi buƙatar mutumin nan mai mabuɗi fiye da shekara ashirin da suka wuce. Da can aikinsa ya nemo wa yaro bayani saboda bayanin ya yi ƙaranci. Yanzu bayani ambaliya yake yi, aikinsa ya koma ya tsaya a bayan yaro ya ce, wa ya faɗi wannan? A ina ka gani? Ka sami wani ya faɗi irinsa? Kuma kada wani ya ce mini wannan tarbiyyar Turawa ce da aka shigo mana da ita. A ƙasar da aka haifi Imamu Malik ake wannan magana. A muƙaddimar Sahihu Muslim aka ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito magana, yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Yaranmu suna haddace hadisi da sunan wanda ya ruwaito shi a darasin safe, da rana kuma su miƙa shafi biyar da babu wanda ya san ubansa, a ba su maki. Babu wanda ya haɗa musu biyun ya ce ai abu ɗaya ne.

Na san ana iyawa, domin an yi wa ɗiyata ta fari. Makarantar mata ba wurin shigar namiji ba ne, don haka abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi da bakin uwarta da ta je. Ablar, wato malamar da ke kula da masadir ɗinsu, ta yi yarjejeniya da malamar tarihi cewa ba za a kai bahas gida ba, a ɗakin za a yi shi, darasi ɗaya kowane mako har wata guda. Makon farko ta hana su rubuta komai sai tambaya ɗaya. Wadda ta rubuta "tarihin Makka" ta mayar mata, ta ce wannan teku ne, ɗebo kofi ɗaya. Ta raba musu ƴan katuna, kowane bayani katinsa daban, a bayansa a rubuta inda aka samo shi da lambar shafi. Ba ta hana su waya ko kwamfuta ba, amma ta ce duk abin da aka ɗauko daga intanet sai an samo masa shaida na biyu, kuma a cikin shaidun dole a sami littafi ɗaya da aka taɓa da hannu. Ranar ƙarshe kowace yarinya ta tsaya minti biyar ana yi mata tambayoyi. Da ɗiyata ta zo nan a labarin na yi dariya na ce, to wannan shi ne bahasi.

Tambayar da ta zaɓa ita ce, ta yaya danginmu suka zo Makka? Ta ce da farko ta ji nauyin faɗa a gaban aji, don ba sau ɗaya ba an taɓa jifanta da kalmar Takruniyya, wato ƴar Afirka ta Yamma, ba da sigar yabo ba. Ablar ta ce mata, kina da tsohuwa a gida? Ta ce akwai kakata. Ta ce to ita ce masdarinki, wato majiyarki ta farko, ki zauna da ita, ki rubuta rana da wuri kamar yadda za ki rubuta sunan littafi.

Surukata a hanya aka haife ta. Mahaifinta ya baro ƙasar Kano da niyyar hajji, guzuri ya ƙare a Sudan, ya tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira shekara da shekaru yana tara kuɗin jirgin ruwa, kamar yadda dubban mutanenmu suka yi. Ba ta san shekarar haihuwarta ba, ba ta san shekarar da suka ƙetaro ba. Abin da ta riƙe shi ne sun iso ana zaman makokin Sarki Abdul'aziz, ita kuma lokacin ta fara famfara. Yarinya ta koma masadir ta buɗe littafi: ya rasu a Ɗa'ifa ranar 9 ga Nuwamba 1953, shekara ta 1373 bayan hijira. Ta dawo gida da murna kamar wadda ta tsinci zinariya, ta ce, "Hajiya, na gano shekarunki!" Tsohuwa ta ce ita ba ta aike ta ba.

Daga nan zaren ya yi ta warwarewa. Ta gano madatsar ruwan Sennar da ta ba gonakin Jazira rai an gama ta a 1925. Ta gano garin Mai Wurno da kakarta ke yawan ambata sunan mutum ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da Turawa suka kashe uban a Burmi a 1903 shi ya ci gaba da jan jama'a gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Ni kuma na aro mata Infaƙul Maisuri wurin wani ɗalibi ɗan Sakkwato da ke karatu a jami'ar Ummul Ƙura. Muhammadu Bello ɗan Shehu ya gama rubuta shi a 1812, shekara biyar kafin ya zama Sarkin Musulmi, kuma cikon sunan littafin shi ne "fi tarikhi biladit Takrur". Ta daɗe tana kallon kalmar a jikin bango. Sunan da ake yi mata gori da shi, ga shi a kan littafin tarihi da Larabcin da ƴan ajinsu sai sun nutsu za su fahimta. Ita da ta tashi a makarantar Larabci ta karanta shi kai tsaye, abin da yara da yawa a Sakkwaton kanta sai an fassara musu. Wannan baiwa ce a hannun ƴaƴanmu na nan, mu kuwa muna ba su riyal 15 su sayo amfanin dabino.

A nan zan juyo kanmu, domin in ɓera da sata daddawa ma da wari. Kowace shekara ni nake raka malamai daga Najeriya da Nijar shagunan littattafai, mu cika kwali bayan kwali, a ɗaure da igiya, su biya kuɗin awo fiye da kuɗin littafin don dai ya isa Kano ko Zinder. Mu da muke kwana a gindin shagunan, shiga gidajenmu ka duba. Alƙur'ani yana nan a sama, sai ƙila littafin azkar, sai littattafan makaranta da ake zubarwa ranar da aka gama jarrabawa. Kuɗin anko ɗaya na biki ya isa ya cika kanta guda. Ga laburaren Harami, ga Maktabatu Makka da ke bayan Marwa wadda kowane alhaji ya san gininta, nawa ne cikinmu suka taɓa riƙe hannun yaro suka kai shi wani ɗakin karatu a garin nan? Majalisar iyaye kuwa, ranar da na je mu huɗu ne kacal ƴan uwanmu a cikin ɗakin, alhali na san yaranmu a makarantar sun fi a ƙirga da yatsu. Wasu aiki ya hana su, wasu suna jin Larabcinsu na kasuwa ne ba na gaban mudir, shugaban makaranta, ba, wasu kuma sun saba da cewa baƙo ba ya ɗaga murya. Na fahimci duka. Amma tambayar yaushe ake buɗe masadir ba ɗaga murya ba ce.

Duk da haka ba zan yarda a ce gida ne zai ɗauke wa makaranta wannan nauyi ba. Ni na iya zama da ɗana har sha biyun dare saboda ina karanta Larabci, kuma tsohuwar sana'ata, duk da muninta, ta koya mini inda ake nema. Maƙwabciyarmu gyaɗa da yaji take sayarwa, tana fita da safe sai dare, mijinta ya rasu, karatun boko ko na Larabci ba ta yi ba. Ɗanta ajinsu ɗaya da nawa. Shi wa zai buɗe masa Ibn Kasir? Ɗan mai hali yana da malamin gida da kwamfuta da uwa mai digiri, ko an kulle masadir shekara goma bai rasa komai ba. Saboda ɗan mai gyaɗa aka gina ɗakin nan, shi ne kuma aka kulle wa. Ban ma taɓo zancen yaran da ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, ba, waɗanda ko ƙofar makarantar ba su isa su shiga ba. Wannan ciwo ne mai zaman kansa.

Abin da nake nema bai kai a fitar da sabon kasafi ba. A rage yawan bahas ɗin. Maimakon kowane malami ya nemi nasa, yaro ya tara shida a zango ɗaya duk na saye, a yi guda ɗaya tak, a yi shi a cikin masadir a lokacin makaranta, malamin darasi da amin suna tsaye. A ba da maki a kan katunan da yaro ya tara da amsar da ya bayar da bakinsa, bango kuwa ko sisin maki kada ya ci. A sauke wa amin tsaron fus-ha da gadin ajin da malaminsu bai zo ba, in za a yi masa hisabi a tambaye shi littafi nawa aka ara. In guda goma sun ɓata a shekara, su ɓata. Na ga waɗanda ba su ɓata ba, suna cikin leda.

Na rubuta wannan a takarda da Larabcin da na iya, na kai wa mudir ɗin makarantar ɗana a farkon zangon nan. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce in sha Allahu. Makon jiya yaron ya ce an buɗe gilashi ɗaya, na littattafan labarai. Na kimiyya yana nan yadda na bar shi.

Ita kuwa ɗiyata, ranar da aka dawo mata da aikinta ta zauna gaban kakarta ta karanta mata shi tun daga farko, tana mayarwa Hausa. Tsohuwa tana jan carbi tana gyaɗa kai, har aka zo inda aka rubuta cewa sun hau jirgin ruwa a Bur Sudan. Ta tsayar da carbin.

"Wa ya gaya miki?"

"Hajiya, a littafi na gani, nan ce babbar tasha."

"Littafin yana cikin jirgin? Daga Sawakin muka taso. Kwana muka yi a killace ana yi mana allura, har yau ga tabon." Ta janye hannun riga ta nuna mata.

An riga an sa maki, an shigar a Nur, babu mai sake dubawa. Yarinyar ta ɗauko biro ta soke Bur Sudan ta rubuta Sawakin a samansa, ta juya shafin ƙarshe inda ta jera majiyoyinta, ta ƙara ranar a ƙarƙashin sunan kakarta.